Ƙyallen Maƙwabciya

Duk telan da ya ce muku ba ya ajiye ƙyalle, ku leƙa ƙarƙashin gadonsa. Ni nawa a tsohon buhun shinkafa yake, bayan keken ɗinkina, a gidanmu na Badaguishiri. Ba sata ba ce. Abin da almakashi ya zubar ne, wanda ko hular jariri ba zai yi ba, kuma tun da na fara ɗinki har zuwa shekarar da zan ba ku labarinta, babu macen da ta taɓa cewa in mayar mata.

Shekarar da aka sa ranar auren ɗiyata ta fari, ta nuna mini hoton wani bargo a wayarta. An yi shi gida-gida kamar dara, kowane gida farin yadi ne, a tsakiyarsa an ɗinka zuciya da atamfa. Na ce mata wannan ai ganye ne, na sha wanke zuciyar ragon Layya, ban taɓa ganin mai wannan fasali ba. Na yi mata tsiya son raina, amma abin ya zauna mini. Illela za a kai ta, kuma na san halin kayana, mai kukan gida ce. Sai na ƙudurta kowace zuciya zan yanko ta daga ƙyallen wata mace da ta taɓa goya ta ko ta ba ta tuwo, ta tafi da unguwarmu ta riƙa lulluɓa.

Gidan tsakiya na ware wa maƙwabciyata. Katanga ce kawai tsakaninmu, ta kanta muke miƙa gishiri da gulma. Ita ta yi mini wankan jego lokacin da na haifi yarinyar nan. Ina da ragowar wata jar atamfarta ta Sallah, ita na zaɓa. A lokacin ba ta jin daɗi, tun bayan girbi ƙirjinta ke suka, gabanta na faɗuwa, ko daka ba ta iyawa. Mijinta yana cin rani, gidan yana hannun uwarsa.

Ita zuciyar ba a ɗora ta a keke haka nan. Sai an zana a kwali, a yanke ƙyalle a bar ɗan baki, a lanƙwasa bakin ciki, sannan a kafe ta da allurai a kan farin yadi don kada ta goce, musamman tsagar sama da tsinin ƙasa. A haka zuciyar take kan tabarma, ja jawur, allurai sun kewaye ta, tsohuwar, uwar mijin maƙwabciyata, ta yi sallama ta zo karɓar ɗinkinta.

Ta tsaya ta ƙura mata ido. Ta ce, “Wanga zanen wa na?”

Na ce, “Na surukarki na, Inna. Bargo nika yi ma jikakki.”

Ta ce, “Zucciyatta kinka yanke, kinka soke da allurai, kinka aza bisa likkahwani? Ita tana can kwance tana kukan ƙirji?”

Dariya ta kuɓuce mini, don na ɗauka wasa take. Ta juya ta fita, ko ɗinkin ba ta ɗauka ba.

Kafin ranar kasuwa magana ta gama unguwa. Matan da na ɗinka wa kayan aure da na suna suka fara aikowa a karɓo musu ƙyallayensu. Wata ma da kanta ta zo, ta zazzage buhun tana tona, wai tana neman abin da za ta yi wa ɗiyarta ɗankwali. Maigidana ya ce in farke abin in miƙa musu a huta. Na ce Allah ya kiyaye, farkewa ai amsa laifi ne, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Don haushi ma na zauna na ɗinke zuciyar da hannu, ɗinki ƙanana a matse, wanda ban taɓa yi wa mai biya ba.

Gaskiyar magana, ba bakin unguwa ne ya dame ni ba. Jira nake in ji muryar maƙwabciyata ta kan katanga tana cewa in rabu da su. Ina shanya ina kasa kunne. Ina jin tarinta, ina jin motsin butarta, amma ba ta kira ni ba. Raina ya ɓaci, abinci ya fita kaina.

Ran nan da hantsi sai ga ta, tana dafa bango, ta rame har zobe na yawo a yatsarta. Na shimfiɗa mata tabarma. Ta daɗe tana mai da numfashi kafin ta yi magana.

“Ƙawa, na san ba ki yi mani komi ba. Wallahi na sani.”

Na ce, “To mi yak kawo ki?”

Ta sunkuyar da kai. “Ban iya kwana. In na ruhe ido, alluran nan nika gani. Ki yi ma Allah ki ba ni abina.”

Da zagina ta yi, da na san abin da zan mayar mata, bakina ba ya ciwo. Amma roƙo ta yi. Na ɗauko reza na shiga farke ɗinkin da na matse da hannuna, hawaye na hana ni ganin zare. Na miƙa mata zuciyar, ta ƙulle a bakin zane. Ta miƙe za ta tafi, sai ta sake durƙusawa, da wannan ciwon nata, ta tsince guntayen jan zaren da suka zuba a tabarma, ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa ta ƙulle.

Ba a jima ba ƙanen mijinta ya kai ta gidan likita a Konni. Aka ce hawan jini ne, aka ɗora ta kan magani, ta murmure har ta koma daka. Na yi murna, Allah ne shaidata. Sai dai a unguwa ba wanda ya yi zancen magani. Cewa aka yi ga shi nan, ana cire allurai ta tashi, ruwa ba ya tsami banza.

Bargon ya tafi Illela da gidan tsakiya fari fat. Ɗiyata ta so in cike shi da wani ƙyallen, na ƙi.

Har yau muna gaisawa ta kan katanga, kuma ni ce telarta. In na gama mata ɗinki, nakan tattara duk ƙyallenta, har wanda bai kai farce ba, in ƙulle in cusa cikin kayan. Kullum ina sa rai wata rana za ta ce, “Haba ƙawa, bar shi.” Karɓa take yi, ta yi godiya.