Wayar Sikelin Kawu

Kawuna yana da siton wake da riɗi a hanyar Nangere. Akawunsa wata mata ce 'yar Filato, kowa Madam yake ce mata. Teburinta yana jikin sikeli, domin wayar da ke kai nauyin buhu cikin kwamfuta ba ta wuce kamu huɗu ba. Da ta samu ciki, warin maganin ƙwarin da ake zuba wa wake ya riƙa sa ta amai. Ta ce za ta bar aiki.

Kawu ya kira ni, tunda gyaran kwamfuta nake yi a Bolewa.

"A mai da teburin nan ofis. Zai yiwu?"

Na ce zai yiwu, tun ban auna ba. Da na auna, taku arba'in ne. Na zaga shagunan gari, irin wannan waya mai kai mai haƙora tara babu doguwa. Abin da ke hannuna ragowar wayar intanet ce, mai sili takwas a ciki, bibbiyu a murɗe.

Na datse kawunan tsohuwar wayar, ga shi ita kaɗai ce a siton, na liƙa su a sabuwar da dalma. Sili uku aikin yake so: mai aikawa, mai karɓa, da wanda muke kira giraun, mai kare saƙo daga dagulewa. Na bi jikin bango da ita har ofis.

Aka ɗora buhu. Kwamfuta ta zubo wasu alamomi marasa kan gado. Mota na jiran lodi, leburori sun zuba mini ido. 

"Injiniya, ko in ɗauko biro da takarda?" in ji Madam.

"Ki ɗan ba ni lokaci."

Na buɗe kan wayar. Ashe mai aikawa da mai karɓa na haɗa a murɗi ɗaya, suna dagula wa juna saƙo. Na raba su, na ƙara sili ɗaya, kowanne na murɗa shi da nasa giraun, na sake liƙawa.

Wannan karon Kawu da kansa ya hau sikelin. Can muka ji muryar Madam ta taga tana dariya.

"Alhaji, ka fi buhun riɗi nauyi."

Na zauna a kan buhu. Sai a lokacin na ji zafin inda dalma ta ƙona mini yatsa.