Ranar da Shaho Bai Buga Ƙarfe Ba

Kawuna bai taɓa sare itace ba, bai kuma taɓa dasawa ba, amma a bakin daji ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Aikinsa kallo ne. Hukumar gandun daji ta kafa wata hasumiyar katako a kan tudu, bayan gidajenmu na ma'aikatan injin yanka katako. Da zarar ciyawa ta bushe, Kawu zai hau da sassafe, ba ya saukowa sai rana ta faɗi. A can sama ba komai sai kujera, buta, da tsohon ƙarfen tayar babbar mota rataye da igiya. In ya hango wutar daji ya buga ƙarfen, kowa ya yar da abin da ke hannunsa, ya karyo ɗanyen reshe ya ruga.

Shaho muke ce masa, shi kuwa sunan ya yi masa daɗi har ya wuce kima. Yakan ce daga can sama yana ganin wanda ke satar nama a tukunyar matarsa. Gaskiya dai ya san hayaƙi. Na masu gawayi siriri ne, a tsaye yake. Na masu ɗibar zuma da ya tashi sai ya ɓace. Ba ya tayar wa mutane da hankali a banza, shi ya sa aka yarda da shi, har muka daina amfani da namu idon. Mace za ta ga hayaƙi tana shanya, ta kasa kunne, in ba ta ji ƙarfe ba ta ci gaba da shanyarta. "Shaho bai buga ba," shi ke nan an rufe magana.

Da tsufa ya fara kama shi sai ya sayi baƙin tabarau, wai rana na damunsa. A shekarar ne kuma matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta fara hawa hasumiyar tare da shi. Mata suka samu abin tsokana.

"Inna, soyayyar ce ta motsa da furfura?"

"Ku rabu da ni, iska nake sha," in ji ta.

Sai daga baya ta gaya mini gaskiya. Yanar ido ce ta rufe wa Kawu gani. Inna ce ke dubawa, shi yana yanke hukunci. Ta ce, "Gabas, bayan rafi, fari ne, yana tsaye." Ya ce, "Mai gawayi ne, ƙyale shi." Haka suka yi rani bayan rani ba wanda ya gane, ba su kuma taɓa kuskure ba. Ta yi ta roƙonsa ya je asibiti. Shi kuma tsoronsa kada labari ya kai ofis, aiki ya tafi, gidan da suke ciki na hukuma ya bi bayansa. Ni dai a ganina ba gidan ne kaɗai ba, sunan nan Shaho ne ya kasa saki. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Bari damina ta sauka." Damina ta sauka ta ɗauke bai je ba.

Wata safiya cikin tsakiyar bazara aka aiko cewa 'yarsu na naƙuda a garin da take aure. Inna ta ɗauki mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, don Allah yau ka ce ba ka da lafiya."

"In ban hau ba za su tura wani," ya ce, "wanin kuma ba zai sauko ba."

Ya lallaba ya hau shi kaɗai. Ya dogara da hancinsa, sai dai ranar iska daga bayansa take kaɗawa zuwa daji.

Bayan azahar hayaƙi ya tashi. Ina tsakar filin injin muna loda katako, kuma kowa ya ga hayaƙin. Direban motar da muke yi wa lodi, baƙo ne, ya ce, "Kai, wannan hayaƙin bai yi yawa ba kuwa?" Shugabanmu ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. Ga Shaho zaune, fuskarsa daidai saitin hayaƙin.

"Ga shi can yana kallonsa. Da wani abu ne da tuni ya buga."

Muka koma lodi. Har yau in na tuna wannan komawar sai zuciyata ta yi zafi.

Sai da iska ta juya ƙauri ya kai masa, a lokacin wuta ta riga ta tsallake faffaɗar hanyar da muke sharewa duk shekara don tare ta. Ya buga ƙarfen har tafin hannunsa ya fashe. Ɗanyen reshe ba ya komai da irin wannan wuta. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, amma gandun ya tafi, amyoyin masu zuma sun tafi, injin ma daga baya rufe shi aka yi.

Da aka zauna bincike, babban jami'in gandun, wanda ke ganin girman Kawu, ya buɗe masa ƙofar fita.

"Baba, barci ne ya ɗauke ka ko? Ɗan Adam ne, kowa na iya yi."

Inna ta taɓa gefen rigarsa. Da ya ce e, takardar gargaɗi kawai za a ba shi. Sai ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Idona biyu. Wurin nake kallo, ban ga komai ba."

Ba wanda ya zage shi. Kowa ya sunkuyar da kai, domin mu masu ido mun gani.

Aiki ya tafi, shi da Inna suka kwashe kaya suka dawo gidana. Bayan wata biyu na kai shi asibiti. Aikin idon bai kai tsawon wankin kayan gida ba, washegari aka cire masa bandeji, ya gane launin mayafin Inna. Likita har da yi masa faɗa, wai ina yake tun tuni.

Da muka dawo ya ce a kai shi tudu kafin gida. Ya tsaya a gindin hasumiya ya daɗe yana duban baƙaƙen kututturai, mu kuma muna bayansa. Inna ta matsa kusa da shi.

"Malam, kana gani sosai?"

"Har bayan rafi nake gani," ya ce. "Da can itatuwa ne ke tare mini."