Filashin Kawu Sanda

Duk wanda ya san Kawu Sanda mai hoto a Konni ya san tsinken tsintsiyar da ke maƙale a bayan kunnensa. Ba na sakace ba ne. Da shi yake tokare murfin filashin kyamararsa, wanda ya daina ɗagawa da kansa tun ranar da ta faɗo daga kan babur ɗin kabu-kabu a hanyar Tsarnawa.

A kai ta gyara? Ina! "In miƙa ta ga yaron da ta girme shi?"

Batura kuwa shanya su yake yi a kan katanga kusa da kuɓewa, wai su sha rana. Na taɓa karanta masa takardar da ta zo da kyamarar, inda aka ce filashi na son batir sabo. Ya dube ni sama da ƙasa. "Malama, takardar nan ta taɓa zuwa suna ta ɗauki hoto?"

Wani Alhaji ya dawo da hotonsa, idanunsa sun fito jawur a ciki. "Sanda, ka maishe ni aljani!"

"Alhaji, kyamara ba ta ƙarya. Rage yaji."

Amma ranar Inna ce ba ma mantawa. Inna, mahaifiyarsa, kakata, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Sai da ƙafa ta ƙi, ta amince don autanta da ke Libiya ya ga fuskarta. "Sau guda," in ji ta, "kuma ba ni fita tsakar gida."

Ɗakin duhu ɗulum ko da hantsi. Kawu ya tokare murfi, ya danna. Shiru. Ya ciro batir ya lasa, ya goga a riga, ya mayar. Shiru.

"Sanda, in ka ƙare ka tashe ni."

Gumi ya karyo masa, don ya san in ta ja mayafi an gama. Ya fita da gudu: "Ku kawo tire! Ku kawo madubi!" Ya jera matan gida daga bakin rijiya har ƙofar ɗaki, wannan na cilla wa waccan hasken rana, har ya sauka a fuskar Inna. Da ta hango surukanta riƙe da murafun kwano sama kamar masu roƙon ruwa, ta tuntsire da dariya. Ƙyas! Ya ɗauka.

Sannan ya juyo da kyamarar yana leƙa ta. "Ke kuma, mi na yi miki?"

Fau! Filashi ya tashi a idonsa, kyamara ta ɗauke shi.

Shi ne hotonsa ɗaya tak da muke da shi: baki buɗe, idanu jawur, ga wani tsinken a kunne. Yana rataye kusa da na Inna mai dariya.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda ya jawo wa mahaifiyarsa haske har ɗaki, Allah ya kai masa har kabari. Amin.