Tokar Karan Jigawa

Har yau ban manta da wata Laraba ba, da hantsi, daidai lokacin da inuwar katanga ta janye daga murhu. A sa'ar nan ne sabulun da nake juyawa ya fara ƙin kamawa.

Shekarata ta uku ke nan a gidan Inna Falmata mai sabulu, a cikin birnin Haɗeja, kuma ranar ce ta fara sakar mini tukunya ni kaɗai. In ya yi kyau, tukunyar ta zama tawa. In ya ɓaci, in koma ɗiban ruwa, a ba Ladi, abokiyar aikina. Allah ya jiƙan Inna. Gidan nan ya rushe, amma ko yanzu na ji ƙaurin kara sai in ga tsakar gidanta.

Ku sababbin hannu, ga yadda muke yi a lokacin. A ƙona karan dawa, a zuba tokar cikin tukunya mai hudajjen gindi da aka shimfiɗa wa ciyawa, a bi ta da ruwa ya tsiyaye. Ruwan tokar ake dafawa har ya yi kauri, sannan a sa kitse. Ni ba mai surutu ba ce. Mahaifina ya koya mini rubutu, don haka duk awon Inna yana bayan allona da ajami, ƙwarya kaza ta toka, tulu kaza na ruwa. Ko ɗaya ban tsallake ba. Amma har azahar kitse na yawo a sama.

Ladi ta leƙo ta ce, "Malama, karanta masa allon mana, ko ya ji tsoron Allah ya daskare."

Inna ta tsoma yatsa a ragowar ruwan tokar, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Karan ina ne wannan?"

"Na gonar Baba ne, ta kan jigawa. Na ga ya fi tsabta, na bakin kogi duk laka."

Sai ta miƙo mini tulun ɗiban ruwa.

Kwana uku ina ɗiban ruwa kafin na iya buɗe baki. Na durƙusa na ce, "Inna, ai iri ɗaya aka shuka nan da can. Me ya bambanta su?"

Bayan la'asar ta ce in biyo ta. Muka fita ƙofar gari. A kan jigawa ta tsiyaya ruwan buta a rairayi, nan take ya ɓace. Ta ce haka ruwan damina ke wanke ɗan gishirin ƙasar nan ya nutse da shi kafin saiwa ta kai gare shi. Muka gangara inda ambaliya ke ajiye baƙar laka kowace shekara ta janye da wuri. Inna ta damƙi ƙasar, ta dunƙule a hannunta ba ta warwatse ba. Ta nuna wani kwari can gaba, ta ce shi ma yana da gishirin, amma ruwa kan daɗe a kwance ya shaƙe saiwa, sai dawar ta zauna a kan abinci da yunwa.

Na ce, "Inna, tukunyar fa?"

Ta kakkaɓe hannunta ta ce, "Ɗauki dami biyu a nan, gobe ki hura wuta. Amma daga yau, 'yar nan, kada ki ƙona karan da ba ki san ƙasar da ta ciyar da shi ba. Abin da bai ci ba, ba zai bar miki a toka ba."