Minti Goma Sha Biyun Nazeefa

Ni ce gwaggonta, ni kuma na riƙe kyamara ranar, don haka kada wani ya ce zai gyara mini labarin nan.

Nazeefa 'yar ƙanena Sale ce, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. A gidajen gwamnati na Garki ta tashi, bango ɗaya da Madam Angelina, tsohuwar malamar makaranta mai kaɗa piyano a cocinsu. Tun tana shekara bakwai, in an aike ta kai wa Madam tuwon sallah sai an bi sawu. A tarar da ita tsaye gaban tsohon piyanon, miya na hucewa a hannunta. Mutane suka yi ta surutu, wai 'yar Musulmi da kiɗan coci. Madam Angelina ta ce ba na coci ba ne, na wasu Turawa ne da suka mutu shekara ɗari biyu. Sale, a ba shi haƙƙinsa, ya toshe kunne. Shi ya sayo mata ƙaramin piyano na lantarki a kasuwar Wuse. In an ɗauke wuta ta ci gaba da dannawa babu sauti, tana kaɗa kai kamar mai iskokai.

A 2007 kuɗi ya cika Abuja, ko'ina gini, kowane ɗan tsako waya biyu, amma babban piyano na gaske sai an tona. Wata makarantar kiɗa a ƙasar waje ta ce za ta ɗauki Nazeefa kyauta in ta ci gwaji. Sharaɗi ɗaya ne: faifan bidiyo, kiɗa guda na minti goma sha biyu a babban piyano, ba tsayawa, ba yanka, kafin ƙarshen wata. Ba sa ɗaukar wanda ya haura shekara sha tara, ita kuma sha tara take. Bana ko babu.

Akwai irin wannan babban piyanon a zauren wani otal, an ɗora masa tukunyar fure. Na yi sintiri har takalmina ya cinye, manaja ya ce sai in taro ake. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ma'aikatarsu Sale ta shirya liyafar rana a zauren. Ya roƙa aka sa ta cikin shirin.

Kun san taron Abuja. An rubuta ƙarfe ɗaya, babban baƙo sai ya ga dama. Uku ta buga shiru, aka ce yarinya ta ɗan rage wa mutane zaman jira. Ta gyara mayafi, ta goge tafin hannu a cinya, ta fara.

Ni ban san kan kiɗan nan ba, amma na ga masu cin gyaɗa sun daina tauna. Wata mai rabon lemo ta ƙame da faranti a hannu. Madam Angelina ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ina kallon agogon kyamara, minti takwas, tara, goma.

Sai jiniya. Ƙofa ta buɗe, 'yan sanda, masu riƙe jaka, masu riƙe wa masu riƙe jaka waya. Mai gabatarwa ya fizgi lasifika: “All rise! Jama'a, Oga ya iso!” Zaure ya miƙe gaba ɗaya. Nazeefa ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wani jami'in tsare-tsare ya duƙo kan Sale, har kyamara ta ɗauki muryarsa da gurguwar Hausarsa: “Malam Sale, wannan ba yarinyanka ba ne? Oga yana tsaye, shi yana zaune? Abeg, ka yi something.”

Na galla wa Sale harara, na girgiza masa kai. Ya dube ni, ya dubi Oga, ya taka har gaban piyano ya dafa kafaɗarta.

“Mamana, tashi.”

Da ɗan sanda ne, wallahi ba za ta motsa ba. Amma uba ne. Ta ɗauke hannu ta miƙe, a minti goma da daƙiƙa hamsin. Oga ya wuce ta gabanta waya a kunne, ya ɗaga mata hannu: “Continue, my daughter.” Ta ci gaba da me? Jawabi ya ci awa biyu, aka yi ciye-ciye, aka mayar da tukunyar fure. Na kusa durƙusa wa manaja, ya ce gobe da jibi biki ake a zauren.

A mota na wanke Sale tas. Ya ce, “Yaya, ba ki san aikin gwamnati ba.” Na ce na san shi sarai, yau na ga yadda yake lanƙwasa namiji. Haka muka aika faifan, amsa ta zo layi biyu: kiɗan bai kammala ba. Bayan wata huɗu aka sauke Ogan, ko sunan Sale bai taɓa sani ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Yanzu Nazeefa na koyar da yara a Gwarinpa, ran Asabar ta kaɗa a otal ga masu hira a waya. Har gobe sai ta durƙusa take gaishe da ubanta. Sale ya yi ritaya, wani lokaci yakan ce, “Mamana, kaɗa mini wancan na ranar.” Ta ce, “To, Baba.” Ta zauna ta kaɗa tiryan-tiryan har daidai wurin, sai ta ɗauke hannu, ta miƙe tsaye.