Yayana Mai Tabarau da Jar Duniya

Wanda ya ba mu aron ka ya karɓi abinsa, Yaya, kuma gare shi dukkanmu za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, talatin ga watan Satumba, babbar 'yarka ta kira ni daga asibiti. Ba ta iya haɗa kalma biyu ba, ni ma ban nemi ta haɗa ba. Ni ce autarku, wadda ka goya ka kai makaranta, yau ga shi ni ke rubuta ta'aziyyarka.

Mutanen layi da Mai Tabarau suka san ka. Tsoho zai shigo shagonka da gilashinsa ɗaure da zare, ka zaunar da shi a kan benci, ka zaro ɗan sukurdireban nan daga aljihun gaba, ka ɗaure, ka goge, sannan ka miƙa masa jarida ka ce ya karanta maka ƙananan rubutun. Ba ya fita sai ya karanta. Har gobe akwai wata dattijuwa da ke shi maka albarka, wai kai ka mayar mata da kafar allura bayan ta haƙura da ɗinki.

Mu na gida mun san wani Yayan daban, na saman bene. Can ka girke madubin hangen nesanka, wani ƙaton bututu da muke kira igwa don tsokana. Asalin aikin yana can ƙasan bututun: faifan gilashi mai kauri da ka goge da hannunka har ya yi ɗan zurfi, aka shafe shi da ruwan azurfa. Tun la'asar kake fito da shi ya sha iska, wai in da ɗumin ɗaki a jikinsa hoto rawa yake yi. Na sha ce maka ko jariri ba a yi wa wannan gata, sai ka yi murmushi ka ce jariri ai yana iya kuka ya faɗi damuwarsa.

Abin da ya ɗauke maka hankali shi ne Jar Duniya, maƙwabciyar tamu da ake kira Mars. Ka koya mini cewa sai bayan shekara biyu da 'yan watanni take matsowa kusa, ta yi 'yan makonni ta sake nisa. Kana liƙa ƙaramar kyamara a bakin igwa, ka ɗauki hotuna dubbai a jere, kwamfuta ta zubar da waɗanda iska ta girgiza, ta ɗora masu kyau a kan juna. Daga nan sai ga farar hular ƙanƙara a samanta, ga baƙaƙen tabo a cikinta, wani lokaci har da siririn gajimare a gefe. Duk da ƙurewar lokacin, in maƙwabta suka hau benen suna son ganin wata, sai ka cire kyamarar ka juya musu igwa, su bi layi, kai kana tsaye kana satar kallon sama.

Burinka ɗaya ne, ka samu hoto guda wanda komai ya fito a cikinsa raɗau. Shekarar da ta matso kusa fiye da yadda ta daɗe ba ta yi ba, ka ce wannan karon babu fashi. Da farko abin ya yi daɗi. Sai wani ɗigo ruwan ɗorawa ya bayyana a gefen hoton, washegari ya faɗaɗa, kafin mako ya zagayo duniyar ta koma fayau kamar gwaiduwar ƙwai, ba tabo ba alama.

Kai kuwa mutum ne da in abu ya lalace, hannunka kake fara tuhuma. Haka kake a shago, haka kake a gida. Ba ka tambayi kowa ba. Ka yanke hukunci madubinka ne ya samu matsala, ka share hotunan duka don kada su ɓata maka rai, ka kwance igwa, ka wanke azurfar, ka koma guga daga farko. Matarka ta ce ka dakata ko na kwana biyu ne, ka ce lokaci ba ya jira.

Ina shagonka ranar da labari ya iso ta wayarka, daga 'yan uwanka masu irin wannan sha'awa a wasu ƙasashe. Ashe guguwar ƙura ce ta taso a can, ta lulluɓe duniyar baki ɗaya, kowa ma gwaiduwar ƙwan yake gani. Har ana cigiyar wanda ya ɗauki farkon tasowarta, wato ɗigon nan da ka share. Ka daɗe kana kallon wayar, sannan ka ajiye ta a kan kanta.

"Auta, ashe lafiyar madubina ƙalau," ka ce. "Hadari ake yi a garin mutane, ni kuma na rushe ɗakina."

Na yi dariya a lokacin, kai ma ka taya ni. Amma na san ka, abin ya ci ka sosai. Kafin ƙurar ta lafa duniyar ta yi nisa, gilashinka kuma yana cikin roba da ruwa.

Daga nan tambaya ɗaya ta zauna maka: shin wanda kake gogewa zai kai wanda ka ɓata? Ciwon zuciya ya shigo, matakalar bene ta fara gagarar ka, sai ka sauko da teburin guga tsakar gida. Kana yi kana hutawa, hannunka baƙi ƙirin, matarka tana faɗa tana kawo maka ruwa. Da ka gama, aka aika gilashin wani gari mai nisa a shafa masa azurfa. Ya yi jinkiri a hanya, ranar da ya dawo kuma kana kwance a gadon asibiti.

Ka matsa sai an kawo maka. Na buɗe akwatin a kan cinyarka, ka leƙa, ya nuno maka fuskarka ƙatuwa, duk ramar a fili. Ka ce wannan dai ba ya ɓoye wa mutum komai, amma fuska ba ta isa shaida ba, sai ya ga Jar Duniya tukuna. Ka roƙi likita ya sallame ka ko na yamma ɗaya. Ya ce ka bari ka ƙara ƙarfi. Ina ma ya bar ka, Yaya. Ina ma mun ɗauke ka a kan kujera mun hau da kai.

Shekaranjiya bayan isha'i ni da 'yarka muka mayar da madubin cikin igwa, yadda ta sha ganin kana yi. Duniyar ta fito ta gabas, jajir. 'Yarka ce ta fara sa ido, sannan ta ja baya ta rufe fuska da mayafi. Na leƙa. Farar hular tana nan, tabon suna nan, har da waɗansu sirara da ban taɓa gani a tsohon madubin ba, sararinta kuma wasai babu ƙura ko kaɗan. Mun jima a tsaye, amsa tana hannunmu, mai tambayar ba ya nan. Ko kyamarar ba mu iya liƙawa ba.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka yadda ka haskaka idanun bayinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi haƙuri da kai da igwarka, da 'ya'yanka da jikokinka, da tsofaffin layi da har yanzu suke tsayawa a ƙofar shagonka. Allah ya ba mu juriyar rashinka, ya kyautata namu zuwan. In kuma ana isar da saƙon na duniya ga waɗanda suka riga mu, ina roƙon Ubangiji ya sanar da kai cewa madubinka ya yi, Yaya. Ya ma fi na farko.