Ƙafa Biyu Daga Filin Marayu

Lokacin da na samu fili a Takur, na haura shekara goma ina koyar da lissafi a wata sakandare a Dutse, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ban ga dalilin da zan kira wani ya fitar mini da iyaka ba. Duwatsun iyaka biyu na bakin titi suna nan, na baya ne ta ɓangaren gabas ya ɓace, wai shanu ne suka tumɓuke shi da damina. Takardar fili ta nuna layin ya miƙe sak daga titi zuwa baya, ƙafa ɗari. Sai na ɗauko kwalin taliya, na ɗora kusurwarsa a kan dutsen gabas na bakin titi, na kanne ido ɗaya, na sa lebura ya ja igiya yana matsawa har na ce ya yi. A kan wannan layin aka haƙa ramin katanga, aka zuba kankare.

Filin da ke gabas da nawa na marayu ne. Ubansu ya saya, Allah ya yi masa rasuwa bai ɗora ko bulo ɗaya ba, uwarsu ta kwashe su ta koma ƙauyensu ta wajen Kafin Hausa. Ban taɓa ganinta ba. Filin yana nan, tafasa ta cinye shi.

Da aka zo jera bulo, mahaifiyata ta dage sai an ɗauko wani tsohon magini daga Jahun, abokin mahaifinmu ne tun ƙuruciya. Ban so ba. Na ɗauka mutumin ginin ƙasa ne, me ya sani a kan siminti? Ya sauka daga babur da safe, siriri, da guntun gemu fari, da wata tsohuwar jaka a rataye. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kusurwar gabas ya daɗe yana kallon kankaren.

"Malam, wa ya fitar maka da wannan kusurwa?"

"Ni ne, Baba."

"To, madalla. Bari dai igiya ta faɗi nata."

Ya zaro wata igiya da ta yi baƙi don tsufa, duk jikinta ƙulli ne, tsakanin kowane ƙulli da na gaba kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa. Ya auna kamu uku daga dutsen a layin titi, ya kafa ƙusa. Ya auna kamu huɗu a layin kankare, ya kafa wata. Sannan ya ja igiyar daga ƙusa zuwa ƙusa, ya ce in ƙirga. Ƙulli na biyar bai kai ƙusar ba, saura kamar faɗin yatsa ɗaya.

Nan take na gane abin da yake yi, kuma kunya ta kama ni. Wannan ƙa'idar nake rubuta wa ɗalibai a allo kowace shekara: uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, a haɗa su ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. In kusurwa ta tsaya daidai, dole tsakanin ƙusoshin ya zama biyar cif. Na sha zane yara a kanta, amma da na zo nawa ginin, kwalin taliya na nema.

"Bakin kusurwarka ya buɗe," in ji shi. "Ka shiga gabas."

"Haba Baba, a kan yatsa ɗaya?"

"A nan ne yake yatsa. Zo mu je ƙarshe ka ga girman da ya yi."

Bai yarda da awo ɗaya ba. Ya sake da shida da takwas, ya nemi goma, ratar ta zama yatsa biyu. Ya gyara ƙusar har ƙulli ya zauna a kanta, ya sa aka ja sabuwar igiya ta bi ta kan ƙusar zuwa baya. Muka taka tare. A ƙarshen filin, kankarena ya shiga na marayu da kusan ƙafa biyu.

Raina ya ɓaci, kuma ba da kaina na fara fushi ba, da shi na yi. Na ce masa an riga an zuba kankare, dutsen baya babu shi, babu wanda zai taɓa sani. Na ma ƙara da cewa filin nasu faɗi gare shi, ba za su ji a jikinsu ba. Ina faɗa ina jin munin maganar a bakina, amma ban fasa ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya shiga naɗe igiyarsa a gwiwar hannu.

"Gidanka ne, Malam, ba zan hana ka ba. Magina suna da yawa a Dutse. Ni dai hannuna ba zai ɗora bulo a ƙasar yaran da ubansu ke kabari ba. Da abokina yana raye, shi ma abin da zai faɗa maka ke nan."

Ya koma gindin darbejiya ya zauna yana ɓare goro, kamar wanda ba shi da sauran magana da kowa. Ni kuma na shiga mota, na ɗauko takarda da biro na yi ta lissafi, ina fatan in kama shi da kuskure. Sau uku ina yi, amsar dai ita ce tasa. Bayan azahar na ce wa leburori su kawo diga. Kwana biyu aka yi ana fasa kankaren, kowane sara ina jin sa a ƙirjina.

Da aiki ya kankama, na zana masa dalilin uku da huɗu da biyar a kan yashi, gida-gida kamar na dara. Ya tsuguna ya ƙirga gidajen da na zana da yatsansa, tara da sha shida, ya ga sun cike ashirin da biyar. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ashe tana da dalili. Ni ubangidana ce mini ya yi kawai in riƙe."

Ban taɓa samun ɗalibin da ya ji daɗin wannan darasi kamarsa ba.

Shekaru suka wuce, Baba ya rasu, na je Jahun aka yi jana'izarsa da ni. Bayan nan ne wata Asabar aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Wata dattijuwa ce da babban ɗanta, da mai awo riƙe da tef. Uwar marayun ce, sun zo fara gini. Ta ce tun a mota gabanta ke faɗuwa, don an sha gaya mata filin da aka bari ba kowa, maƙwabta ne ke yankarsa. Aka auna gaba, aka auna baya, ƙafa hamsin hamsin, babu abin da ya ragu.

Ta juyo ta ɗaga hannu ta fara sa mini albarka, tana cewa irina sun yi ƙaranci a wannan zamani. Na kasa tsayawa in karɓa. Na ce, "Iya, ki dakata. Ni na ci muku ƙafa biyu. Wani tsoho ne ya ƙwato muku, kuma ya rasu."

Ta sauke hannu. Sai ta tambayi sunansa, na faɗa mata, ta sake ɗaga hannu ta fara addu'ar daga farko.